MOTAR DA DOKA TA HAIFA: TARIHI DA ƘIRAR BMW M3

(Laccar da aka gabatar a zaman tattaunawa na ɗalibai)



Ranar da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani abokin karatunmu ya tare mu a bakin ɗakin cin abinci ya ce, "Ku da ko keke ba ku da shi, ina ruwanku da motar da ko babban sakatare sai ya yi shawara da aljihunsa kafin ya taya?" Amsar da muka ba shi a tsaye ita ce, ba sai mutum ya ɗaure doki a turke ba kafin ya san bambancin ingarma da ƙuru. Amma tambayar tasa ta fi ƙarfin amsar tsaye. Saboda haka za mu ajiye ta tukuna, mu bi tarihin motar da ƙirarta, sa'an nan mu komo gare ta a ƙarshe.

AJIN MOTAR DA MA'AUNINTA

Masu ƙera motoci a Turai sun kasa motocin shiga aji-aji bisa ga girma da tsada. Akwai wani aji da za mu iya kira ƙaramar motar manya, watau wadda ta fi motar iyali ta yau da kullum inganci da tsada, amma ba ta kai girman dogayen motocin shugabannin kamfanoni ba. A Jamus kamfanoni uku ne ke riƙe da wannan aji: BMW da jerin motocinsa mai lamba 3, Marsandi da C-Class, sai Audi, wanda a da yake da A4. Kowane ɗayansu yakan ɗauki motar nan tasa ya sa mata inji mai ƙarfi ƙwarai, ya sake mata birki da ƙafafu, ya fito da ita a matsayin zakarar gidan. Zakarar gidan BMW ita ce M3.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita ma'auni. Ana auna ƙarfin inji da doki. Doki ɗaya a ma'aunin Jamus shi ne ƙarfin da zai ɗaga nauyin kilo 75 sama, tsawon mita ɗaya, cikin daƙiƙa ɗaya. Fijo 504 mai kafireta, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, ƙarfinta bai cika doki 100 ba. A riƙe wannan don kwatance. In kuwa an ce inji mai lita 2.3, ana nufin faɗin cikin silindojinsa gaba ɗaya, watau gwargwadon iska da man da za su iya ɗauka a shaƙa guda. Yawan man da motar ke sha a hanya wani lissafi ne daban. Ma'auni na uku shi ne juyi, watau sau nawa karanshaf ke kewayawa cikin minti ɗaya.

KAMFANIN DA YA KUSA RUSHEWA

Asalin BMW yana komawa ga shekarar 1916 a birnin Miyunik na jihar Bafariya, kuma da injin jirgin sama ya fara. Da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar 1919 ta hana ta wannan sana'a, sai kamfanin ya nemi wata. Ya fito da babur ɗinsa na farko a 1923, ya kuma shiga harkar motoci a 1928 bayan ya sayi wata masana'anta a garin Eisenach.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka taɓarɓare. Kamfanin yana ƙera manyan motoci masu tsada waɗanda masu sayensu ba su da yawa, a ɗaya gefen kuma yana ƙera 'yar mitsitsiyar mota Isetta wadda ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Tsakiya, inda kasuwa take, ba shi da komai. A watan Disamba na 1959 aka kira taron masu hannun jari da nufin miƙa kamfanin ga Daimler-Benz, masu Marsandi. Ƙananan masu hannun jari da dillalai suka tubure, shirin ya wargaje, wani attajiri mai suna Herbert Quandt ya ƙara zuba dukiyarsa ya tsamo kamfanin. Da a ce wannan taro ya tafi yadda aka tsara, da babu laccar yau.

Abin da aka yi da kuɗin shi ne ƙera matsakaiciyar mota, BMW 1500, wadda ta shiga kasuwa a 1962 da sabon inji mai silinda huɗu. Muna roƙon a lura da wannan inji, gama zai sake ɓullowa har sau biyu a labarinmu. Daga wannan mota aka samo 2002 a 1968, daga ita kuma aka samo jeri mai lamba 3 a 1975. Zubi na biyu na jerin, wanda kamfanin ke yi wa laƙabi da E30, ya fito a 1982.

A 1972 kuma kamfanin ya kafa wani reshe na musamman don tseren motoci, ƙarƙashin Jochen Neerpasch. Harafin M da muke gani a gindin motar daga sunan wannan reshe ya fito. Babban gwaninsu na inji shi ne Paul Rosche. Shi ne ya ɗauki gangar injin nan mai silinda huɗu ta motar iyali, ya ɗora mata turbo, ya mai da ita injin tseren Formula 1 wanda Nelson Piquet ɗan Birazil ya ci gasar duniya da shi a 1983. Wannan shi ne ɓullowa ta farko.

DOKA DA KISHIYA

Abu biyu ne suka haifi M3: doka da kishiya.

A 1982 hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta soma aiki da wani sabon tsari mai suna Rukunin A. Ƙa'idarsa ita ce, kamfani ba zai kawo mota fagen tsere ba sai ya ƙera irinta guda 5,000 cikin wata goma sha biyu domin sayar wa jama'a. Har wa yau, muhimman abubuwa kamar siffar bodi da asalin inji dole su kasance iri ɗaya tsakanin ta tsere da ta kan titi. Manufar hukumar ita ce a riƙa tsere da motocin da mutane ke gani a ƙofar gidajensu. Amma injiniyoyi suka karanta dokar ta baya. Suka ce, tun da ba za a bar mu mu canja wa motar titi siffa a fagen tsere ba, to mu ƙera motar tsere tun daga farko, mu sa mata kujeru da rediyo, mu sayar da 5,000.

Kishiyar kuwa Marsandi ce. A 1982 ta fito da ƙaramar motarta 190, wadda yawancinmu muka sani a titunanmu. A 1983 ta nuna wata irinta mai suna 190E 2.3-16, wadda kamfanin Cosworth na Ingila ya ƙera wa kan silinda mai bawul 16, ƙarfinta doki 185. Kafin a kai ta kasuwa, a watan Agusta na 1983, aka kai uku daga cikinsu filin gwaji na Nardo a kudancin Italiya, inda aka yi tafiyar kilomita 50,000 dare da rana cikin kwana takwas da 'yan awoyi, a matsakaicin gudun kusan kilomita 248 cikin awa. A watan Mayu na 1984 kuma, a bikin buɗe sabon fagen tsere na Nurburgring, aka jera irin wannan mota guda 20 aka ba mashahuran direbobi, ciki har da tsofaffin zakarun duniya da dama. Wani matashi ɗan Birazil da ya shiga Formula 1 a shekarar, Ayrton Senna, ya zo na ɗaya, Niki Lauda na biye da shi.

Mutanen Miyunik suna kallon duk wannan. Kamfanin da ya kusa haɗiye su a 1959 ya shigo gonarsu, watau ƙaramar mota mai zafi. Shugaban BMW na lokacin, Eberhard von Kuenheim, ya ba Paul Rosche umarnin ya samar wa jeri mai lamba 3 injin da ya dace da tsere.

ƘIRAR M3 TA FARKO

A nan ne za mu ɗan daɗe, domin a nan darasin yake.

A lokacin BMW yana da inji mai silinda shida, mai laushin tafiya, wanda ya yi suna da shi. Kowa zai zaci shi za a ɗauka. Rosche ya ɗauki mai silinda huɗu, kuma yana da dalili. Inji mai silinda shida a jere karanshaf ɗinsa dogo ne, dogon ƙarfe kuwa in ana juya shi da sauri ƙwarai yakan riƙa murɗewa yana karkarwa. Gajeren karanshaf ya fi jure wa juyi mai yawa, a fagen tsere kuma daga yawan juyi ake tatso ƙarfi. Bayan haka, gajeren inji ya fi sauƙin nauyi, ba ya danne gaban mota, saboda haka motar takan fi bin sitiyari a kwana.

Sai ya koma ga tsohuwar gangar nan da ta samo asali daga 1962, aka faɗaɗa ta zuwa lita 2.3. Wannan ita ce ɓullowa ta biyu. Kan silinda kuwa, watau abin da makanikai ke kira top, an samo shi daga injin M1, motar tsere mai silinda shida da reshen M ya fitar a 1978. A gwajin farko datse silinda biyu aka yi daga kan, aka toshe wurin, aka ɗora sauran a bisa gangar. Kamfanin da kansa ya sha ba da labarin cewa cikin mako biyu injin gwajin ya tashi. Ba sihiri ba ne. Gangar da kan duka an yi shekaru ana aiki da su, kuma mutanen da suka haɗa su sun san kowane ƙusa da ke jikinsu.

Injin da ya fito, mai laƙabi S14, kowace silinda tasa tana da bawul huɗu maimakon biyu da aka saba: biyu na shigar iska, biyu na fitar hayaƙi. Inji tamkar ɗan tsere ne, gwargwadon numfashinsa gwargwadon gudunsa, kuma ƙofa huɗu ta fi biyu saurin wucewar iska. Kowace silinda kuma tana da maƙogwaronta na totur daban, shi ya sa da an taɓa totur injin ke amsawa nan take. Babu kafireta, injekta ce ke fesa mai bisa lissafin wata ƙaramar kwamfuta ta kamfanin Bosch. Sakamakon shi ne doki 200 a juyi 6,750 cikin minti, ko 195 ga wadda aka sa wa matatar hayaƙi. Idan muka tuna cewa 'yar'uwarta 325i mai silinda shida da lita 2.5 tana da kimanin doki 170, za mu ga abin da numfashi ke yi.

Giyarta biyar ce, ƙirar kamfanin Getrag, kuma a irin da aka sayar a Turai lamba ɗaya tana ƙasa ta hagu. Hikimar ita ce, a fagen tsere sau ɗaya ake bukatar lamba ɗaya, wajen tashi. Da aka kawar da ita gefe, sai lamba biyu da uku suka zama a layi guda, huɗu da biyar ma haka, hannun direba ba ya ɓata lokaci wajen lalube.

Bodin ma an sake shi kusan gaba ɗaya, in ban da 'yan sassa kaɗan kamar bonet da rufi. An kumbura ɓangarorin da ke rufe tayoyi domin faffaɗan tayoyin tsere su sami wurin shiga. An ƙara kwantar da gilashin baya, an ɗaga murfin but, an ɗora masa fiffike, duk domin iska ta zame ta wuce ba tare da ta ja motar baya ko ta ɗaga gindinta ba. An ƙara girman birki, an kuma sa mata abin da ke hana tayar baya ɗaya yin juyin banza yayin da ɗayar ke tsaye. Nauyinta kimanin kilo 1,200. Tana kai wa gudun kilomita 100 daga tsaye cikin daƙiƙa 6.7, iyakar gudunta kuma kilomita 235 cikin awa.

An nuna ta a bajekolin motoci na Farankfot a 1985, aka fara ƙera ta a 1986. Guda 5,000 doka ta nema. Kafin a daina yin ta a 1991 an ƙera kusan 18,000.

A FAGEN TSERE

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Fitowarta ta farko a gasar duniya ta irin waɗannan motoci ita ce a Monza ta Italiya a 1987, inda M3 suka kwashe matsayi shida na farko. Bayan tsere alkalai suka duba, suka ce wasu sassan bodinsu ba su cika ƙa'ida ba, aka soke sakamakonsu, nasara ta koma ga wata mota ƙirar Holden daga Ostareliya. Dokar da ta haifi motar ita ce ta fara hukunta ta. Duk da haka, a ƙarshen shekarar direbanta Roberto Ravaglia ɗan Italiya ya ci kambin duniya da ratar maki ɗaya tak a kan direbobin Ford Sierra, motar da ke da turbo kuma ta fi M3 ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da M3 ta rasa a miƙaƙƙiyar hanya takan fanshe shi a kwana da kuma wajen juriya.

A wannan shekara dai Eric van de Poele ya ci gasar Jamus ta DTM da ita, Bernard Béguin kuma ya ci tseren tsibirin Kosika na Faransa a kan hanyoyin duwatsu. Ravaglia ya ci gasar Turai a 1988 da ta Jamus a 1989. A Birtaniya ta ci a 1988 da 1991. Tseren awa 24 na Nurburgring kuwa ta cinye shi shekara huɗu a jere, daga 1989 zuwa 1992.

Dokar ta bar wata kafa: kamfani na iya inganta motarsa in ya ƙera 500 na sabon samfurin. Nan kishiyoyin biyu suka shiga yi wa juna raddi. BMW ya fito da mai doki 220 a 1988, Marsandi ta amsa a 1989 da 1990, har ta kai doki 235 da wani ƙaton fiffike a baya. BMW ya rufe da Sport Evolution a 1990, mai lita 2.5 da doki 238, guda 600 kacal. Marsandi ba ta sami kambin direbobi na DTM ba sai 1992, ta hannun Klaus Ludwig. A ƙarshen wannan shekara BMW ya janye daga gasar, bai komo ba sai 2012, inda Bruno Spengler ya ci masa kambin da motar tsere mai ɗauke da sunan M3.

Akwai wani reshe na labarin a nahiyarmu. M3 ta farko sitiyarinta a hagu yake, Afirka ta Kudu kuwa a dama suke da shi. Saboda haka masana'antar BMW da ke Rosslyn kusa da Piretoriya ta yi nata: 333i a 1985, wadda aka cusa wa injin babbar mota mai lamba 7, daga baya kuma 325iS, wadda baƙaƙen fata na unguwannin ƙasar suka raɗa wa suna Gusheshe.

ZURIYAR DA TA BIYO BAYA

Daga nan za mu yi sauri, domin bayan ta farko ba doka ce ke haifar M3 ba, kasuwa ce.

Zubi na biyu, E36, ya fito a 1992 da silinda shida, lita 3.0, doki 286. A 1995 aka ƙara shi zuwa lita 3.2 da doki 321, watau doki 100 daga kowace lita ba tare da turbo ba. A nan aka fara yin mai ƙofa huɗu, kuma an ƙera fiye da 71,000.

Na uku, E46, daga 2000 zuwa 2006, yana da lita 3.2 da doki 343 a juyi 7,900. An ƙera fiye da 85,000. A 2003 aka fito da CSL, wadda aka rage wa nauyin kilo 110, aka yi mata rufi da zaren kabon, ƙarfinta doki 360.

Na huɗu, daga 2007 zuwa 2013, shi kaɗai ne aka sayar wa jama'a da yawa da silinda takwas: lita 4.0, doki 420 a juyi 8,300. Da shi aka rufe zamanin injin da ke shaƙar iska da kansa.

Na biyar, F80, ya zo a 2014 da silinda shida da turbo biyu, doki 431. Turbo wata fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana tura iska cikin inji da ƙarfi, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Dokokin Turai na rage hayaƙi da shan mai ne suka tilasta wannan canji. A wannan shekara kuma aka raba suna: mai ƙofa huɗu ta riƙe M3, mai ƙofa biyu ta koma M4.

Na shida, G80, an nuna shi a 2020, ya shiga kasuwa a 2021. Mai giyar hannu tana da doki 480, samfurin Competition mai giya takwas da ke canja kanta yana da 510. A 2021 aka fara yin mai jan tayoyi huɗu, wadda ke kai wa kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.5. A 2022 aka fito da mai dogon baya ta ɗaukar kaya, a 2023 kuma CS mai doki 550.

RIBA DA HASARA

Mu jera ta 1986 da ta 2021. Ƙarfi ya tashi daga doki 200 zuwa fiye da 500. Nauyi ya tashi daga kilo 1,200 zuwa fiye da 1,700. Tsawo ya ƙaru da kusan rabin mita. Wani ɓangare na wannan ƙiba alheri ne, domin jakunkunan iska da ƙarfafan ginshiƙai na ceton rai, kuma wanda ya yi karo cikin sabuwar ya fi wanda ya yi cikin tsohuwar damar fita da ƙafarsa. Wani ɓangaren kuwa na jin daɗi ne kurum. Ta farko an ƙera ta don ta ci tsere, aka sayar wa jama'a don cika sharaɗi. Ta yanzu an ƙera ta don a sayar, sunan tseren kuma yana taimaka wa ciniki.

Tun daga zubi na biyu ake sa wa M3 takunkumi a kilomita 250 cikin awa, bisa wata fahimta tsakanin manyan kamfanonin Jamus, ko da yake mai saye na iya biyan kuɗi a ɗaga masa. Doka kuma ba ta gama da motar ba. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da cewa daga 2035 sababbin motoci su kasance marasa fitar da hayaƙin kabon, abin da ya jawo muhawara mai zafi da neman sassauci. Marsandi ma a 2022 ta nuna C63 mai silinda huɗu haɗe da injin lantarki, bayan ta daɗe da silinda takwas.

INA RUWANMU?

To, mu komo ga tambayar abokinmu. Muna da amsa biyu.

Ta farko ta shafi rai. Motar nan 'yar wurinta ce. A Jamus akwai sassan babbar hanya da ba su da iyakar gudu, ko da yake hukuma na ba da shawarar kilomita 130. Amma hanyar a killace take, babu mai tsallaka ta da ƙafa ko da garke. Mai neman lasisi sai ya yi darussa na dole a babbar hanya da cikin dare, mota kuma sai an kai ta bincike kowace shekara biyu. Mu a nan iyakar da doka ta yanka wa motar shiga a babbar hanya ita ce kilomita 100. A wannan gudu mota na cin mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. A kilomita 250 tana cin mita 69, watau tana ƙare filin ƙwallo cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, kafin ƙafar direba ta gama isa birki. In an ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa da ƙarfin karo sukan ninku sau huɗu, kuma babu injiniyan da ya isa ya soke wannan lissafi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in an kwatanta da yawan jama'a. Masu shekarun nan mu ne da ƙannenmu. Ravaglia ya yi gudunsa da hular kwano, cikin mota mai kejin ƙarfe, a fagen da likita ke jira a gefe. Saurayin da ke wasan mota a titin unguwa ranar ɗaurin aure ba shi da ko ɗaya daga ciki, yaran da suka taru kallo ma haka.

Ga yayyenmu da suka fara karɓar albashi kuma, in tsohuwar mota mai zafi ta zo daga Kwatano da araha, a tuna cewa kuɗin saye ne kurum ya sauka. Tayoyinta da baƙin manta da kayan gyaranta suna nan a farashin motar manya, cikinta kuma a ƙasa yake, ba ya shiri da ramuka.

Amsa ta biyu ta shafi karatunmu. A 1975, shekarar da jeri mai lamba 3 ya fito a Miyunik, a shekarar ce aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna da Volkswagen a Legas. Harhaɗawa mataki ne mai kyau, amma wanda ya zana inji shi ke riƙe da ilmin, shi ke kuma riƙe da ribar. Abin da ya ba Paul Rosche ikon tayar da inji cikin mako biyu shi ne shekarun da shi da abokan aikinsa suka yi a kan ganga ɗaya, suna gwadawa, suna fasawa, suna rubuta abin da suka gani, a kamfanin da ya riƙe ma'aikatansa ya kuma bar su su ƙware. Cikin wannan ɗaki akwai masu karatun injiniya, akwai masu karatun lauya da mulki waɗanda gobe za su rubuta ƙa'idoji a ma'aikatu. Na farkon su lura da abin da haƙuri a kan abu ɗaya ke haifarwa. Na biyun su lura cewa jimla ɗaya a littafin doka, wadda ta ce a ƙera 5,000, ita ta sa kamfanoni biyu suka zuba dukiya da basira har aka sami motocin da muka yi wannan zama a kansu. Wanda zai rubuta doka ya yi tunanin yadda masu wayo za su karanta ta.

Shugaba, lokacin da aka ba mu ya cika. Muna jiran tambayoyi da gyara. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya sa karatunmu ya amfani jama'a.